Wace Lamba ce ta Gaskiya?

Tun da likita ya tabbatar wa Gwaggo cewa tana da ciwon sukari, ni aka ɗora wa aikin ajiye lissafi, domin a gidanmu duk abin da ya shafi lamba wurin malamin lissafi ake turo shi, ko rabon gudummawar biki ne ko awon fili. Na saya mata na'urar gwaji, na ja layuka a wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na raba kowane shafi gida uku: kwanan wata, lokaci, da lambar da na'urar ta nuna. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci nakan ratsa ta cikin birni in duba abin da jikokinta suka rubuta. Wata rana ta sa aka karanta mata lambobin mako guda, aka ce 118, 104, 187, 131, 96, 210, 125. Ta yi jim, sannan ta ce, "To kai da ka yi boko, a cikin waɗannan wace ce tawa ta gaskiya? Ko kuwa injin nan ƙarya yake yi?" Na ce, "Gwaggo, ai dukansu naku ne." Ba ta gamsu ba, ni ma kafin in isa Tudun Wada na tabbata amsar ta yi gajarta, domin tambayar da ta yi ita ce masana halittu da masana lissafi suka shafe sama da shekara ɗari suna kokawa da ita.

Abin da ya kamata in fara gaya mata shi ne, ko mai cikakkiyar lafiya ba shi da lamba guda. Da asuba kafin ya ci komai sukarinsa yakan kasance tsakanin 70 da 100 a irin ma'aunin da na'urarta ke amfani da shi, in ya ci abinci ya hau, bayan awa biyu yawanci ya sauko ƙasa da 140. Duk sukarin da ke yawo a jinin babban mutum a lokaci guda bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato cikin ƙaramin cokalin shayi, alhali malmalar tuwo ɗaya tana iya zuba masa ninkin wannan sau goma ko fiye. Abin da ke hana jini cika da zaƙi shi ne wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas: in sukari ya hau ta saki insulin, wanda ke sa tsoka da kitse da hanta su kwashe rarar su adana, in kuma ya sauka ta saki gulukagon, wanda ke sa hanta ta fito da ajiyarta. Saboda haka bambancin Gwaggo da jikarta ba wai lambar ɗaya tana motsi ta ɗaya tana tsaye ba ne. Duka biyun motsi suke yi. Bambancin yana wajen nisan da lambar ke yi in an ture ta, da kuma saurin da take dawowa.

A aji, in ina so ɗalibai su kama wannan magana, ƙwarya nake kawowa da ƙwallon goruba. In aka jefa ƙwallon a cikin ƙwarya zai yi ta kai da komo har ya zauna a gindinta, kuma duk yadda aka taɓa shi can zai koma. In aka kife ƙwaryar aka lallaɓa aka ɗora shi a bayanta, zai iya tsayawa, amma numfashi kaɗan ya isa ya gangarar da shi, ba kuwa zai dawo ba. Duka biyun daidaito ne a idon lissafi, sai dai na farko mai ɗorewa ne, na biyu kuwa na jeka-na-yi-ka. Wanda ya ɗauki hoton ƙwallayen biyu suna tsaye ba zai iya bambance su ba, sai an ture su tukuna hali ya fito. Likitan Faransa Claude Bernard, wanda ya rasu a 1878, shi ya fara jaddada cewa abu mai rai yana riƙe da yanayin cikinsa a daidaice ko da na waje yana jujjuyawa, sannan Ba'amurke Walter Cannon ya raɗa wa wannan hali sunan homiyostasis a 1926. Tun daga nan littattafan makaranta suka cika da lambobi tsayayyu, irin su digiri 37 na zafin jiki, har yara suka ɗauka cewa jiki wani agogo ne da aka saita aka kulle.

Raƙumi ya isa ya rushe wannan zato. A shekarun 1950 masanin halittar dabbobi Knut Schmidt-Nielsen ya auna zafin jikin raƙuma a hamadar Aljeriya, ya tarar cewa raƙumin da ke samun ruwa kullum zafinsa ba ya motsawa fiye da digiri 2 a yini, amma wanda aka hana ruwa yakan wayi gari da digiri 34 ya kai la'asar da sama da 40. Ba rashin lafiya ba ne, dabara ce. Maimakon ya ɓarnatar da ruwa wajen gumi, sai ya bar zafin rana ya taru a jikinsa, in dare ya yi sanyi ya sauke shi kyauta, kuma ta haka babban raƙumi yana tsimin ruwa kimanin lita 5 a rana. Ya saki lamba ɗaya ta yi lilo domin ya riƙe wata da ta fi muhimmanci. Zuciyar ɗan Adam ma tana da makamancin wannan. Duk wanda ya ɗora yatsa a wuyan hannun yaro mai lafiya zai ji bugun yana ƙara sauri in ya ja numfashi, yana lafawa in ya saki. Zuciyar da ke bugawa tamkar agogon bango, ba ragi ba ƙari, ita ce ke tayar wa likitoci hankali, domin an daɗe da gano cewa raguwar wannan ɗan sauyi ga wanda ya yi ciwon zuciya mai tsanani alama ce ta ƙarin haɗari, kuma ciwon sukarin da ya daɗe yana cin jijiyoyi yakan rage shi. Wannan batu na ƙarshe ban gaya wa Gwaggo ba.

Sai dai ba kowane gyara ne ke kai ƙwallo gindin ƙwarya ba. Mai koyon keke yana gyara karkatarsa, amma a makare yake gyarawa, kuma da ƙarfin da ya wuce kima, shi ya sa yake tafiya a karkace hagu da dama har ya faɗi. Jinkiri da wuce gona da iri su ne abubuwa biyu da ke mayar da mai gyara ya zama mai ɓarna, kuma a nan ne lissafi yake nuna abin da ido ba ya gani. A 1838 wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Pierre Verhulst, ya rubuta ƙa'idar yadda yawan halittu ke ƙaruwa da sauri in wuri yana da yalwa, sannan ya lafa in abinci ya fara ƙaranci, har ya tsaya a iyakar abin da wurin zai iya ɗauka. A 1976 wani masanin, Robert May, ya nuna abin da ke faruwa in aka ɗauki irin wannan ƙa'ida aka yi ta taki-taki, kamar ƙwarin da ke haihuwa sau ɗaya a shekara, iyaye su mutu, 'ya'ya su fito baɗi su tarar da abin da iyayen suka bari.

Kowa zai iya gwada lissafin da kalkuletar wayarsa, kuma na sha yin sa da ɗalibaina. A ce gona ba ta iya ɗaukar ƙwari fiye da 1,000. A ɗauki kason da ƙwarin bana suka cike, a ninka shi da kason da ya rage fili, sannan a ninka da wata lamba da ke nuna ƙarfin haihuwarsu, abin da ya fito shi ne kason baɗi. In aka fara da ƙwari 200, wato kaso 0.2, kuma ƙarfin haihuwa ya zama 2.8, shekaru za su ba da 448, 692, 596, 674, 615, a hankali lilon yana raguwa har ya zauna a 643. Ƙwallo ya sami gindin ƙwarya ke nan. In aka ɗaga ƙarfin haihuwa zuwa 3.2, ba a taɓa komai ba sai wannan lamba, yawan ba zai ƙara zama wuri ɗaya ba, zai dinga tsalle tsakanin 513 da 799, shekara ɗaya sauƙi shekara ɗaya annoba, har abada. In aka kai 3.9 kuwa sai a sami 624, 915, 303, 824, 566, 958, 156, babu wani tsari da ke maimaita kansa, kuma wanda ya fara da 201 maimakon 200 kafin shekara 20 lambobinsa sun rabu da na abokinsa kwata-kwata. Yara sukan zaci kalkuletar ce ta lalace, kamar yadda Gwaggo ta zargi injinta.

Mukan ce ruwa ba ya tsami banza, kuma gaskiya ne, amma mun saba neman dalilin tsamin a waje: wane ne ya tsoma hannu, wace iska ce ta kaɗa. Abin da lissafin May ya koyar shi ne dalilin yana iya kasancewa a cikin ruwan kansa. A cikin wancan misali babu fari, babu feshi, babu tsuntsun da ya zo ya cinye ƙwari, ƙa'ida ɗaya ce tal ba ta sauya ba, duk da haka ta haifar da hawa da sauka da babu mai iya hango su daga nesa. Ba ina cewa gonakin Giwa ko na Soba suna bin wannan ƙa'ida ba ne. Gonar gaske tana da ruwan sama mai zuwa da wuri ko a makare, tana da maƙiyan ƙwari da maƙiyan maƙiyansu, kuma raba hargitsin da ya taso daga ciki da wanda yanayi ya jawo aiki ne mai wuyar gaske ko ga ƙwararru. A ganina amfanin irin wannan samfurin lissafi ba duba irin na bokaye ba ne. Amfaninsa shi ne ya ƙwace wa mutum wani zato da yake riƙe da shi ba tare da ya san yana riƙe da shi ba.

Manoman ƙasar Zazzau sun warware wani ɓangare na wannan matsala tun kafin a kafa tashar binciken aikin gona a Samaru a 1922. An daɗe ana yi wa manomin da ke cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya kallon wanda bai waye ba, har sai da David Norman da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi gonakin Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙarshen shekarun 1960, suka nuna da alƙaluma cewa shuka gauraye ta fi ba manomi abin dogaro. Lissafin ba shi da wuya. In kowace shuka tana ƙin yi sau ɗaya a shekara 5, kuma abin da ke kashe wannan ba shi ke kashe waccan ba, to biyu za su ƙi tare sau ɗaya ne a shekara 25, uku kuwa sau ɗaya a 125. Gero yana nuna da wuri, dawa tana jiran ƙarshen damina, wake yana cin raɓar kaka, don haka kowanne da ranar da yake tsoro. Amma sharaɗin nan na cewa musibunsu daban-daban ne shi ne ƙashin bayan lissafin, kuma farin 1973 ya nuna yadda musiba ɗaya ke iya haɗa su ta doke. Shekara biyu bayan haka, a 1975, cutar kuturtar gyaɗa da darɓa ke yaɗawa ta share ɗaruruwan dubban hekta a Arewa.

Har zuwa nan na yi magana kamar daidaito mai ɗorewa alheri ne a koyaushe, alhali ƙwarya mafi zurfi da na sani a ƙasar nan ita ce ta zazzaɓin cizon sauro. Ronald Ross, wanda ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya a 1897, ya koma ga lissafi daga baya, zuwa 1911 ya nuna cewa ba sai an kashe sauro duka ba, akwai wata iyaka da in yawansu ya faɗi ƙasa da ita cutar za ta mutu da kanta. A shekarun 1950 George Macdonald ya ƙara da cewa tsawon ran macen sauro ya fi yawan sauron muhimmanci, domin ƙwayar cutar tana bukatar kwana 10 zuwa 12 a cikinta kafin ta iya harbin wani. In sauro 90 cikin 100 ke kwana da rai kowace rana, 28 ne za su kai kwana 12, in kuwa 80 ne, 7 kacal za su kai. Wannan ɗan lissafi shi ne hujjar fesa magani a bangon ɗaki, inda macen sauro ke hutawa bayan ta sha jini.

An gwada wannan tunani a nan kusa da mu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban bincike a gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jigawa. An fara da auna yadda cutar take ba tare da an taɓa komai ba, sannan a daminar 1972 da ta 1973 aka fesa maganin sauro a gidaje, a wasu ƙauyuka kuma aka haɗa da raba wa kowa maganin zazzaɓi. Klaus Dietz da Louis Molineaux da Anthony Thomas suka gina samfurin lissafi da aka buga a 1974, wanda ya sa garkuwar jikin da mutum ke samu bayan cizo mai yawa a cikin lissafin. Feshi ya rage ƙarfin sauro ƙwarai, amma yawan masu ɗauke da ƙwayar cutar bai ragu daidai da haka ba. Inda aka haɗa da magani ya faɗi ƙasa sosai, yara kuma suka amfana muddin aikin yana tafiya, sai dai yaɗuwar ba ta yanke ba, kuma da aka janye hannu cutar ta koma inda take.

Dalilin yana cikin zurfin ƙwaryar. In mai cuta ɗaya yana jawo wa mutum 2 kamuwa, rage yaɗuwa da ɗan abin da ya haura rabi ya isa ya kashe ta. In kuwa 100 yake jawowa, ko an rage kashi 90 cikin 100 saura 10, wato har yanzu ninki goma ne na iyakar da Ross ya faɗa. An tura ƙwallo ya hau gefen ƙwarya, bai dai tsallake baki ba. Akwai kuma wani abu da ya fi ba ni sha'awa a binciken na Garki, wato gano cewa sauron ba hali ɗaya gare su ba. Wasu bayan sun yi cizo a ɗaki suke kwana, wasu kuwa waje suke ficewa ba su taɓa bangon da aka fesa ba, kuma waɗannan su suka riƙe cutar. Lissafin da ya ɗauka cewa kowane sauro daidai yake da matsakaicin sauro dole ya yi alkawarin da ba zai cika ba. Abin da cakuɗa gero da wake ya yi wa manomi, shi bambancin hali ya yi wa zazzaɓi. Ina ganin shi ya sa tsarin da ake bi yanzu na bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, bai yi da'awar fasa ƙwaryar ba. Ya lura ne cewa a irin yankinmu yawancin cutar a 'yan watanni take taruwa, sai ya tsaya wa yara a waɗannan watannin.

Zazzaɓin ya bar mana wani daidaiton a cikin jininmu. A 1954 Anthony Allison, yana aiki a Gabashin Afirka, ya nuna cewa masu rukunin AS sun fi masu AA tsira daga zazzaɓi mai tsanani. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. In aure yana ƙulluwa ba tare da gwaji ba, ɗaya cikin aure 16 zai haɗa AS da AS, kuma kowane ciki a irin wannan aure yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato jariri ɗaya cikin 64 ke nan zai zo da amosanin jini. A zamanin da kusan duk masu SS ke rasuwa tun suna ƙanana, kowane ƙarni na haihuwa yana zubar da ƙwayar gadon S ta wannan ƙofa, amma zazzaɓi yana zubar da ta A ta ɗaya ƙofar, kuma inda asarar biyu ta yi kunnen doki nan yawan ya tsaya. In aka juya lissafin, kasancewar mutum ɗaya cikin huɗu AS ne yana nufin cewa a tsawon zamanai yaran AA sun gaza na AS wajen kaiwa girma da kimanin kashi 14 cikin 100. Ban san wata lamba da ta fi wannan nuna irin harajin da sauro ya karɓa daga kakanninmu ba.

Wani tsohon ɗalibina da aka fasa aurensa bayan sakamakon gwaji ya fito ya taɓa tambayata ko wannan gwajin da iyaye da limamai ke nema yanzu kafin ɗaurin aure zai kawar da sikila daga cikin al'umma. Na zauna na yi masa lissafin a bayan takardar jarrabawa. Ko da zazzaɓi ya ɓace gobe da safe, kuma ko da babu mai SS ɗaya da ya haihu, sai an yi ƙarni 8 na haihuwa, wato wajen shekara 200, kafin yawan ƙwayar S ya ragu da rabi kawai. Gwajin aure kuwa ba ya rage ta ko kaɗan, domin in kowane AS ya auri AA, rabin 'ya'yansu AS za su zama, kuma ƙofar da ƙwayar take fita ta cikinta a da, wato mutuwar yara masu SS, ita ce aka toshe. Abin da gwajin ke ragewa shi ne yawan yaran da za a kwana da su a asibiti ana neman jini. Don haka 'ya'yansa za su yi gwajin, jikokinsa ma za su yi. Ya karɓi takardar ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce zai nuna wa mahaifiyarsa, domin har lokacin tana ganin dangin yarinyar ne suka kawo abin cikin maganar.